Ina tsohon garin Kete ya shiga?

Tambaya: Wani matashi daga unguwar Aboabo a nan Kumasi ya rubuto yana cewa: "Malam, kakanmu kafin ya rasu kullum yakan ce mu mutanen Kete ne, daga bakin kogi aka kawo shi Kumasi yana yaro. Bara na je Kete Krachi, sai na tarar da gari mai layuka a bakin tafki, ban ga tsohuwar kasuwa ba, ban ga unguwar da ta yi kama da wadda yake ba mu labari ba. Wane irin gari ne Kete a da, kuma me ya kai Hausawa can?"

Amsa: Ɗana, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Gaskiya ya faɗa maka. Garin da ya sani yana ƙarƙashin ruwan da ka tsaya kana kallo. Da aka toshe kogin Volta a Akosombo, ruwa ya fara hawa a 1964, cikin 'yan shekaru ya haɗiye tsohuwar Kete da tsohuwar Krachi, sai ɗan abin da ke kan tudu ya tsira. Wanda ka gani sabon matsuguni ne da gwamnati ta zana a takarda kafin a gina, shi ya sa layukansa suka miƙe sambal. Zangon fatake ba haka yake tashi ba. Gida ne ke haifar gida, lungu ya haifi lungu, gwargwadon yadda baƙi suka sauka da kuma wanda ya sauke su.

Abu na farko da za ka riƙe, garuruwa biyu ne aka haɗa sunansu. Krachi ita ce ta 'yan ƙasa, tana dab da bakin kogi ta gefen gabas. Harshen mutanenta daga dangin Guan yake, 'yan'uwan Gwanjawa da Nchumuru da mutanen Larteh na tudun Akuapem, sarkinsu kuma shi ne Krachiwura. Kete tana ɗan gaba da bakin ruwa, tafiyar da mutum zai yi da ƙafa bai gaji ba, kuma ita ce ta baƙi: Hausawa da Barebari da Yarabawa da Wangarawa da Dagwamba da duk wanda fatauci ya jefo. Idan tsohon ɗan zango ya ce maka shi mutumin Kete ne, wannan zangon yake nufi.

Duwatsu ne suka zaunar da mutane a wurin. A daidai Krachi akwai duwatsun da suka gitta cikin kogin, ruwa na kutsawa ta tsakaninsu da ƙarfi. Idan damina ta yi nisa, wajen Satumba da Oktoba, kogin ya cika ya rufe su, gwanin matuƙi yakan iya wucewa. Da rani kuwa dole kwalekwale ya tsaya a sauke kaya. Duk inda aka sauke kaya, sai an sami mai ɗauka, da mai ajiya, da mai awo, da mai dafa wa matuƙa abinci, da mai karɓar kuɗin ƙasa. Babban abin da ke hawowa daga kudu gishiri ne. Can Ada, inda Volta ke shiga teku, akwai fadamar Songor wadda ruwanta ke ƙafewa da rani ya bar gishiri fari fat a ƙasa. Mutanen Ada sukan loda shi a manyan kwalekwale, su yi makonni suna turi da gora suna gaba da ruwa, su sha wahalar duwatsun Kpong da Senchi, kafin su iso Krachi. Daga nan gishirin ke hawa kan 'yan dako da bayan jakuna zuwa Salaga, babbar kasuwar Gwanja, inda fataken Kano da Katsina da Barno ke zuwa da kanwa da tufafi da fatu da dabbobi don sayen goron Asante. Abin da ke gangarawa kudu kuma man kaɗanya ne da dabbobi da bayi.

Amma a wancan zamani sunan Krachi ya fi tafiya nesa saboda wani abu daban, wato tsafin Dente. A cikin wani kogo yake kusa da kogin, kuma mutanen wurin suna cewa daga Larteh ya zo. Mai kula da shi ana kiransa Dente Bosomfo, sau da yawa ƙarfinsa ya fi na sarkin gari. Har sarakunan Asante sukan aika a tambayo Dente kafin su fita yaƙi. Mu Musulmi mun san matsayin addininmu a kan irin wannan, ba sai na faɗa maka ba. Sai dai mai neman tarihi ya kamata ya gane aikin da wurin yake yi wa mutanensa: nan ake rantsuwa, nan ake yanke shari'ar da ta gagara, bawan da ya gudu ya faɗa hannun Dente kuma ubangidansa ba ya iya fizge shi. Kuɗin hanya da na kasuwa ma ta hannun Bosomfo da mutanensa suke bi. Kakanninmu a ƙasar wannan mutum suka sauka, da izininsa suka kafa rumfa.

Shekaru biyu ne suka mai da ƙaramin zangon nan gari, kuma duka biyun masifa ce ta faɗa wa wani wuri. Ta farko 1874, lokacin da Turawan Ingila suka shigo Kumasi suka ƙone ta. Da labari ya kai arewa da gabas, ƙasashen da ke biyan Asante haraji suka yi tawaye. A Salaga aka kashe Asantawan da ke zaune a garin. Bosomfo ya haɗa kan garuruwan yankin a ƙarƙashin rantsuwar Dente, aka rufe hanyar Kumasi zuwa Salaga. Goro ya yanke wa Salaga, kasuwarsa ta koma Kintampo da Atebubu, hanyar kogi zuwa bakin teku kuwa ta ƙara daraja, domin yanzu ɗan kasuwar Ada ko na Ankara, wato Accra, yana iya kai kayansa arewa bai bi ta hannun Asante ba. Wani Bafaranshe mai suna Bonnat, wanda ya yi shekaru a tsare a nan Kumasi, ya hau kogin da kayan ciniki ba da daɗewa ba bayan yaƙin, don ya ga ƙofar da ta buɗe. Ko shi sai da ya yi ta fama da mutanen Krachi a kan wucewa, saboda sun san abincinsu a tsayawar kaya yake.

Ta biyu 1892, yaƙin basasar Salaga. Rikicin sarauta ne tsakanin gidajen Kpembe, masu mulkin Salaga. Kabachewura Isifa, ɗaya daga cikin masu neman sarautar, ya nemo taimakon Dagwamba da Nanumba, aka ci garin, kasuwar da ta yi fiye da ƙarni tana ci ta watse. Malamai da masu gidaje da dillalai suka bazu: wasu Yeji, wasu Kintampo, wasu har bakin teku, da yawa kuma suka gangaro Kete. Ka lura da irin mutanen da suka zo. Sun riga sun iya sana'ar zango tun a Salaga, sun san madugai da sunansu, sun san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Da dukiyarsu ta ƙone, sanayyarsu ba ta ƙone ba, ayari kuma maigidansa yake bi. Shi ya sa cikin ƙanƙanin lokaci Kete ta fi Krachi da ta sauke ta yawan jama'a da hada-hada.

A nan ne halin garin yake, kuma shi ne abin da nake so ka fahimta fiye da shekaru da sunaye. Ginshiƙin Kete maigida ne. Ayari ya iso bayan tafiyar watanni, madugu ya wuce kai tsaye gidan mutumin da ya saba sauka. Maigida ya ba da ɗakuna, ya ba da wurin ɗaure jakuna, matansa su dafa, yaransa su ɗebo ruwa a kogi. Shi zai ajiye kaya, ya kira dillali, ya yi tafinta tsakanin Bakano da mutumin Ada, ya tsaya wa mai saye idan kuɗinsa bai cika ba. Ba ya karɓar kuɗin ɗaki. La'adar ciniki ce ribarsa. Saboda haka duk jarinsa amana ce. Ran da aka ce buhu ɗaya ya yi ƙafa a gidan wane, labarin zai riga ayari isa Kano, baɗi kuma gidansa ya zama kango. Wannan tarbiyya ce ta sa mutanen irin waɗannan zanguna suke da saurin karɓar baƙo, da jin harsuna uku ko huɗu, da iya zama da wanda addininsu bai zo ɗaya ba ba tare da sun saki nasu ba. Idan ka tuna yadda kakanka yake da baƙi, da yadda ba a rasa kwanon da aka ajiye wa wanda bai iso ba tukuna, daga can ya gado shi. Har yau a gidajen masu goro da masu shanu na zangon Kumasi za ka ga ragowar wannan tsari.

Akwai ɓangaren da ba ma son faɗa a zaure, amma wanda ya ɓoye shi ya ci amanar tarihi. Kete kasuwar bayi ce. A shekarun 1880 mayaƙan Zabarmawa, su Babatu, sun yi ta kai hari ƙasar Gurunsi, mutanen da suka kama kuma ta Salaga da Kete aka bi da su zuwa kudu, inda manoma da 'yan kasuwa ke sayensu duk da cewa Turawa sun hana a bakin teku. Gidajen da suka sauke fataken goro su ne suka sauke masu wannan kaya. Da yawa daga cikin matan da aka sayo sun zama iyayen gida a zango, jikokinsu mu ne. Duk ɗan zangon da ya bi asalinsa da gaske, ta wajen uwa musamman, ya shirya jin abin da ba a taɓa gaya masa ba, kuma kada ya ji kunyar waɗannan iyaye. Su aka zalunta, kuma su suka rene mu.

Zaman Kete da Krachi bai rasa tsami ba. Baƙo ya yi kuɗi ya yi yawa, mai ƙasa yana ganin haƙƙinsa ne ya ƙara abin da yake karɓa, fatake kuma suna kukan an matsa musu. Ana cikin haka Jamusawa suka iso, domin yarjejeniyar da suka yi da Ingila a 1890 ta bar Krachi a ɓangarensu na Togo. A ƙarshen 1894 wata tawagarsu ƙarƙashin Dokta Gruner ta saurari ƙarar 'yan kasuwar Kete, ta kama Bosomfo ta harbe shi, aka kafa barikin Jamus a wurin. Fatake sun sami sauƙin da suke nema, amma sun canja mai karɓar kuɗi ne kawai, kuma wanda ya zo ya fi na da bulala da aikin tilas. Ni a ganina wannan lamari ya bar tabo tsakanin zango da 'yan ƙasa wanda ya daɗe bai warke ba, kuma ya kamata jikokin Kete su san cewa mutanen Krachi suna da nasu labarin wannan rana, wanda bai yi kama da namu ba.

Da kasuwa kaɗai Kete ta tsaya, da yanzu ba mai tuna ta sai masu binciken cinikin gishiri. Abin da ya ɗaukaka sunanta malami ne, Alhaji Umaru, wanda ake kira Imam Umaru ko Alhaji Umaru na Kete Krachi. An haife shi a Kano a 1858, asalin gidansu Kabi. Ya yi karatu a ƙasar Hausa, ya biyo hanyar fatake zuwa Salaga, yaƙin 1892 ya tashe shi tare da sauran jama'a, daga bisani ya zauna a Kete ya zama limaminta, a nan kuma ya rasu a 1934. Ya yi aikin hajji, ɗan ɗarikar Tijjaniyya ne, almajiransa sun bazu a zangunan ƙasar nan tun daga arewa har bakin teku.

Mutum ne da bai bar abin da ya faru a gabansa ya wuce ba a rubuce ba, da Larabci da kuma Hausar ajami. Tun yana saurayi a Kano ya tsara littafi kan yadda ake rubuta wasiƙa, abin da kowane ɗan kasuwa mai hulɗa da nesa yake bukata. Ya yi waƙa kan rushewar Salaga. Ya yi waƙoƙi kan zuwan Nasara, yana jera garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, da idon wanda abin ya faru yana raye. Ya yi Waƙar Talauci da Wadata, inda ya zana yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi su girmama mai shi ko da halinsa bai kai ba, kuma wanda ya karanta ta zai ji ƙamshin garin kasuwa a cikinta, garin da ake auna mutum da abin hannunsa. Da annobar mura ta 1918 ta shigo, wadda ta kashe dubban mutane a ƙasar nan, ita ma ya yi mata waƙa yana bayyana yadda ciwon ke kama mutum. Wani jami'in Jamus mai suna Adam Mischlich, wanda ya riƙe barikin Kete Krachi, ya zauna gabansa ya koyi Hausa, ya sa shi ya rubuta masa tarihin ƙasashen Hausa da al'adunsu da sana'o'insu, kuma a 1906 ya buga ƙamus na Hausa a Berlin. Ka duba wannan al'amari da kyau: wani kaso mai tsoka na abin da duniya ta sani a rubuce game da rayuwar Kano da Sakkwato da Kabi kafin zuwan Turawa, a wani zango na bakin Volta aka rubuta shi, tafiyar watanni daga Kano. Abin yana yi mini ciwo idan na ga yaranmu na makarantun zango sun san marubutan ƙasashen waje, ba su taɓa jin sunan wannan bawan Allah ba.

Faɗuwar garin ta fara tun kafin ruwa ya zo, kuma a hankali ta zo. Iyakar Turawa ta mai da kogin da ke haɗa mutane ya zama abin da ke raba su: gabas Jamus, yamma Ingila, kowa da kwastansa. A 1899 suka raba yankin da suka bari a tsakaninsu, Salaga ta faɗa hannun Ingila, Yendi ta faɗa hannun Jamus. Jamusawa suna so kaya su bi ta ƙasa zuwa Lome, har suka shimfiɗa dogo daga Lome zuwa Kpalime a 1907. A ɗaya ɓangaren jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, a Najeriya kuma dogo ya isa Kano a 1911. Daga nan goro ya sami sabuwar hanya: daga dajin Asante zuwa tashar Kumasi, zuwa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Legas, jirgin ƙasa ya ƙarasa da shi Kano yana ɗanye. Wa zai ƙara yin wata uku a bayan jaki? A watan Agusta na 1914 Jamus ta rasa Togo, Krachi ta koma hannun Ingila. Da motoci suka zo, babbar hanyar arewa ta bi ta Mampong da Ejura da Atebubu ta haye kogi a Yeji. Gishirin Ada ma daga baya ya hau lori.

Ina kyautata zaton a cikin wannan zamani ne aka kawo kakanka Kumasi. Gidaje da yawa na Kete haka suka yi: uba ya ga ayari ya daina zuwa, ya ji goro da koko da shanu suna Kumasi, ya kwashi iyali ko ya tura yaro wurin wani ɗan'uwa ko malami. Mutanen zango ba gona ce ta riƙe su ba, hanya ce, idan ta kauce sukan bi ta. Waɗanda suka zauna sun ci gaba da ƙaramin ciniki da karatu da kiwo, garin ya zama hedikwatar gunduma mai shiru. A 1956 aka yi ƙuri'ar raba gardama a Togon Ingila, yankin ya zaɓi haɗewa da Gold Coast, ya shiga Ghana da samun 'yancin kai a 1957.

Sannan aka zo maganar madatsar ruwa. An fara ginin Akosombo a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a Janairun 1966. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai kimanin murabba'in kilomita 8,500, yana cikin mafi girman tafkunan da ɗan Adam ya yi a duniya. Mutum wajen 80,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 700, hukumar kogin Volta ta gina musu sababbin matsugunai 52, sabuwar Kete Krachi na cikinsu. Gidan da aka ba kowane magidanci ɗaki ɗaya ne gamamme da rufin da aka ce ya ƙarasa sauran da kansa. Ka auna wannan da gidan maigida mai zaure da ɗakunan baƙi da turakun mata da makarantar allo a ƙofar gida. An lissafa ɗakuna da itatuwa don biyan diyya, amma maƙwabtaka da maƙabarta da masallacin da kakanni suka yi salla a ciki ba su shiga lissafi ba. Ban ce kada a gina madatsar ba. Wani kaso na wutar da muke kunnawa a Kumasi da Ankara daga can yake, masana'antar alminiyam ta Tema ma da ita ta tashi. Abin da nake cewa, waɗanda suka biya kuɗin wutar da gidajensu ba a gode musu yadda ya kamata ba, da yawa daga garuruwan da aka tayar ma sun yi shekaru masu yawa kafin wutar ta iso gare su. Kuma ruwan ya rufe duwatsun nan da suka sa kwalekwale tsayawa tun farko, ya yanke hanyar motar da ke ratsa garin daga kudu zuwa arewa, ya bar Kete Krachi a kan wani zirin ƙasa da ruwa ya kusa kewayewa. Ba a gama farfaɗowa daga wannan ba sai ga dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a ƙarshen 1969, wadda ta kwashe mutane da yawa daga zangunan ƙasar nan, har da waɗanda a nan aka haifi iyayensu.

Garin yau na kifi ne da doya. Masuntan Tongu, waɗanda madatsar ta kashe musu sana'a a ƙasan kogi, sun hauro sun kafa sansani a bakin tafki, matansu na banda kifi ana kaiwa kasuwannin kudu. Konkomba da sauran manoma suna fitar da doya mai yawa daga yankin. Tafkin ya kawo abinci, ya kuma kawo tsargiya, ga kututturan itatuwan da ruwa ya shanye a tsaye suna fasa jiragen katako. Tun 2019 garin yana cikin sabuwar jihar Oti mai hedikwata a Dambai. Zango yana nan da sarkinsa da limaminsa, ana jin Hausa a kasuwa, kuma a bakin tafki akwai kangayen gine-ginen Jamusawa, waɗanda kusan su kaɗai ne abin da idonka zai gani wanda idon kakanka ma ya gani.

In kana so ka bi sawun gidanku, kada ka fara da tafki, fara da tsofaffin matan danginku a nan Kumasi, domin su ne ke riƙe da wa ya auri wa. Tambayoyi uku za su yi maka amfani. Wane ne maigidan da kakan kakanka ya sauka a wurinsa, ko kuwa shi ne maigidan? A wurin wane malami aka yi karatu a gidanku, kuma akwai tsofaffin takardu a cikin gafaka ko akwatin ƙarfe? Sannan kafin Kete daga ina aka zo? Galibi amsar za ta kai ka Salaga, daga Salaga kuma ta kai ka Kano ko Katsina ko Kabi ko Barno, saboda zaman Hausawa da yawa a Kete bai wuce na uba da ɗa da jika ba. Idan ka sami takarda mai salsalar malamai ko wasiƙar ciniki da ajami, kada ka bari a naɗe ta a leda inda zafi zai cinye ta. Ka ɗauki hotonta shafi-shafi da wayarka, ka kai wa malamin da ya iya karanta tsohon rubutu. A Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon akwai tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da aka tattara daga zanguna a shekarun 1960, ayyukan Alhaji Umaru na ciki, ɗalibi kuma yana iya neman izinin dubawa.

Idan za ka koma, daga nan Kumasi ka bi ta Ejura da Atebubu zuwa Kwame Danso, ka ƙarasa Kojokrom ka hau jirgin fito zuwa Kete Krachi. Ka ba kanka kwanaki, domin jirgin ba ya bin agogon matafiyi, kuma kada gaggawa ta sa ka shiga ƙaramin jirgin da aka cika fiye da kima. Ka sauka a zango, ka gai da Sarkin Zango da liman da goronka a hannu, ka faɗi sunan kakanka da laƙabinsa da sana'ar gidanku, don da laƙabi ake tuna mutum a zango. Ka roƙi a haɗa ka da dattawan da aka haifa a tsohon gari; waɗanda suke yara lokacin da ruwa ya zo yanzu sun haura shekara sittin da biyar, suna iya zana maka a ƙasa inda kasuwa take da inda masallaci yake da gidan wane da wane. Bayan haka ka nemi wanda zai raka ka fadar Krachiwura ka yi gaisuwa, ka saurari yadda su suke ba da labarin Kete, ka rubuta shi kamar yadda suka faɗa ko da ya saɓa wa wanda ka ji a gida.